Yadda Motar Yaya Ta Kayar da Ni Zaɓe

Tun da farko ina so a sani cewa ba faɗuwa zaɓe na yi ba, kayar da ni aka yi. Kuma ba mutum ne ya kayar da ni ba, waya ce. Dole ta sa na ɗauki biro da kaina, domin gishirin da ake ƙara wa labarin nan a layinmu ya yi yawa. Jiya wata mata ta shigo shagona tana gwada tabarau, tana ba ƙawarta labarin a gabana, ba ta san ni ne ba, har da cewa wai mutumin ya yi kuka. Ban yi kuka ba. Gumi ne, gilasan motar a rufe suke.

Ni ne mai shago na bakwai, hannun dama in ka shigo layin. Tabarau nake sayarwa da agogo. Amma in ka zo nemana kada ka ce mai tabarau, ka ce Injiniya. Sunan ya samo asali tun ranar da agogon bangon ofishin ƙungiyarmu ya yi wata uku a tsaye, manyan mutane suna kallonsa suna tsaki, ni kuwa na hau kujera na sake masa batir. Masu hassada suna cewa ni na raɗa wa kaina sunan. To ko da ni ne, wa ya fi ni sanin abin da ke cikin kaina?

Shaguna ashirin da uku ne a layin, kuma muna da shugaba. Shi ke riƙe makullin ofis, shi ke zama kan kujera mai juyawa, in baƙi sun zo shi ke magana saura su gyaɗa kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, shi ake fara gaisarwa da safe. Shekara tara ina kallon kujerar nan ta taga. Da tsohon shugaba ya ce gwiwoyinsa sun gaji, aka sa zaɓe ranar Asabar ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na san lokacina ya yi.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a gaba: Mai Gyaran Rediyo. Wani shiru-shiru ne, in ka yi masa sallama sai ya gama ɗaure sukurun da ke hannunsa kafin ya amsa. Ko kamfe bai yi ba, tura shi aka yi. Ni kuwa na yi aiki. Akwai mutum uku a layin da kowannensu ke jan ƙuri'a biyar zuwa shida: Mai Aski, Tela da Mai Faci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ja kowa gefe, na rage murya na ce, "Kujerar mataimaki taka ce. Amma ya tsaya tsakaninmu." Wasu sun kira wannan yaudara. Ni abin da na gani, kujera ɗaya ce tak, amma magidanta uku sun yi mako biyu suna tafiya da ƙirji a buɗe. Wa ya taɓa faranta musu haka?

Sai dai riƙe irin wannan aiki a ka yana da wuya, kada mutum ya gaya wa Tela abin da ya tanadar wa Mai Faci. Allah ya taimake ni ina da 'yar na'urar waƙa, wadda ake ce wa em-pi, ba ta fi kwalin ashana girma ba. Waƙoƙi bakwai ne a ciki, kuma tana ɗaukar murya. Kullum da safe in Maman yara ta shiga kicin, sai in kulle ƙofar ɗaki in faɗa wa na'urar wa na yi wa alkawarin me, in gwada jawabi, sannan in sa a kunne in saurara. Mutum mai tsari ke nan.

Saura abu ɗaya: yadda zan shigo layin ranar zaɓe. Shugaba ba ya zuwa a ƙafa yana kaɗe ƙura daga takalmi. Mota zan shigo da ita, waƙa ta uku da ke cikin em-pi tana tashi, mai ganguna da kakaki, in buɗe ƙofa daidai inda mawaƙin ke ɗaga murya. Mota kuwa akwai ta Yaya, yayan matata, ɗan fansho, wanda ke goge ta sau biyu a rana yana hawanta sau ɗaya a mako.

Ranar Alhamis na je na durƙusa. Ya daɗe yana juya makullin a hannu.

"Shekara goma sha tara," in ji shi, "ko sau ɗaya ba ta kwana a gareji ba. Ka shiga, ka tuƙa, ka fito. Rediyon kuwa kada ka taɓa shi."

"Haba Yaya, ni ake gaya wa rediyo?"

"Kai ake gaya wa. Da wani ne ai da ban ɓata bakina ba."

Washegari da safe na zauna a motar a ƙofar gida, em-pi a hannun dama, waya mai kai biyu a hagu. Kai ɗaya ya shiga em-pi lafiya lau. Na nemi inda ɗayan zai shiga a jikin rediyon, babu. Bakin kaset ne kawai da maɓallai biyu masu juyawa, kamar fuskar tsohon da ya ƙi dariya. Can na hango wani ɗan rami kusa da agogon motar, na cusa. Agogon ya koma sha biyu yana ƙifta mini ido.

Maman yara ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Baban yara, ka kai wa Mai Gyaran Rediyo mana. Aikin minti biyar ne."

"In kai wa abokin hamayyata? Gobe zaɓe? Ya fita ya ce Injiniya ya zo neman taimako wajensa?"

"To ai ba ƙarya zai yi ba."

Na fito daga motar. Na tafi babbar kasuwa, can ƙetaren gari inda ba wanda ya san fuskata, na sayo wani kaset mai wutsiya. Ana tura shi a bakin rediyo, a haɗa wutsiyar da em-pi, shi ke nan. Da na dawo, maƙwabcina, wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki, ya riga ya fito da bencinsa da ƙaramin rediyonsa ya zauna daidai saitin motar, kamar wanda aka aika wa katin gayyata.

Na tura kaset. Rediyon ya haɗiye shi, ya yi ƙwas, ya turo shi rabi, ya sake haɗiyewa, ya yi ƙwas. Haka ya yi ta yi, kamar akuya tana tuƙa. Na danna maɓallin fitarwa, ya ƙi. Na kama wutsiyar na ja a hankali, ya ƙi. Na ja irin na maza. Wutsiyar ta taho hannuna, kaset ya zauna a ciki.

"Injiniya," in ji Tsohon Direba, "ɓeran ya tsere, ko?"

"Baba, wannan matakin farko ne. Sai an cire wutsiyar ake ci gaba."

"Allah ya ba da sa'a. Mu a zamaninmu in muna son waƙa a hanya, yaron mota muke sa wa ya rera."

Na aika a miƙo mini wuƙaƙen tebur biyu. Na zura su gefe da gefe, na yi addu'a, na banƙaro rediyon gaba ɗaya ya faɗo kan cinyata. Jama'a, in ba ku taɓa ganin bayan rediyon mota ba, kada ku nema. Wayoyi ne ja da shuɗi da rawaya da ruwan toka, a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Na zaro kaset ɗin gutsure-gutsure. Sannan na ce tunda na riga na shigo cikin gida, me zai hana in haɗa em-pi kai tsaye? Na feƙe waya biyu da haƙori, na murɗe su da wutsiyar da ta rage, na murza makulli.

Hon ya ɗauka. Bai tsaya ba. Waifa ta shiga share busasshen gilas tana ƙiiƙ-ƙiiƙ. Kajin maƙwabta suka watse, mata suka leƙo ta tagogi, wani mai keke ya faɗa kwata.

Tsohon Direba ya kewaye bakinsa da hannu ya ɗaga murya: "Waƙar ke nan? Ta yi daɗi, sai dai baitinta ɗaya ne!"

Na kashe, na warware, na mayar da kowace waya inda nake zaton na same ta, na tura rediyon raminsa. Ya zauna daram, in ban da ɗan karkata hagu. Sai na ga wani guntun fulogi fari mai wayoyi huɗu a kan kujera. Na juya shi, na sake juyawa. Kamfanoni kan sa irin waɗannan abubuwa don cika ido kawai. Na jefa shi aljihu kafin Maman yara ta gani. Na kunna rediyon: fitila ta kama, lambobi suka fito tsaf, amma ko tari bai yi ba. Na ce ba mamaki, ya sha wuya yau, hutawa yake.

Da la'asar na koma kasuwar. Mai kayan ya saurare ni, ya ɗauko wata 'yar na'ura mai ɗan allo da gajeriyar eriya.

"Wannan ba ruwanta da kaset, Alhaji. Ka cusa ta a ramin kunna sigari, ka haɗa em-pi. Ita za ta watsa waƙar a iska, rediyon motar ya kama kamar yadda yake kama tasha. Sharaɗi ɗaya ne: ka nemi lambar da babu kowa a kanta, wadda ba ka jin komai sai shuuu. Ka sa na'urar a nan, ka sa rediyon a nan."

Na ce to. Amma a hanya maganar ta yi ta sukata. Lambar da babu kowa? Ni? Mutumin da gobe war haka zai riƙe makullin ofis, a ce ya je ya raɓe a kangon tasha inda ko kare ba ya bi? Akwai tashar da duk layinmu ke saurare. Daga wani gari mai nisa take zuwa, da kyar take isowa, sai an karkata eriya an jingina ta da kwalba, amma kusan kowane shago a kanta yake, musamman Asabar da safe lokacin shirin gaishe-gaishe. Lambarta ce kaɗai na haddace. A kanta na sa na'urar.

Maman yara ta tsinci takardar da ke cikin kwalin, ta nisanta ta da ido tana karantawa.

"Ita ma takardar cewa ta yi tashar da ba kowa."

"An rubuta ta ne don gama-garin mutane."

"Kai kuma fa?"

"Ni ina karanta abin da mai takardar ya so ya faɗa bai iya ba."

Na danna waƙa ta uku. Shiru. Na murɗa ƙara. Shiru. Nan take na gano cutar: eriyar ce ta yi gajarta. Yaya za a yi abu kamar tsinken sakace ya ɗauki ganguna da kakaki? Na kwance wayar ƙarfen da ake shanya a kai, na haɗa da hanga uku na rataye riga, na naɗa bakin a jikin 'yar eriyar, na fitar da sauran ta saman gilas, na ɗaure a sandar labulen falo, na kafa sandar a kan rufin motar. Na'urar tana ɗan girgiɗi a raminta, sai na danna mata tsinken ashana huɗu ta zauna kamar an gina ta a ciki. Na sake dannawa. Shiru dai.

Tsohon Direba ya girgiza rediyonsa, ya kai kunne, ya sake girgizawa.

"Ikon Allah. Ana cikin labarai sai ga ganguna."

"Batirinka ne ya yi sanyi, Baba," na ce masa, don ba ni da lokacin ƙananan matsaloli. Na rufe motar da tunanin da safe iska ta fi sauƙi, za ta kama.

Asabar na yi wanka na musamman. Na sa sabuwar riga, na mayar da farin fulogin aljihunta don kada a tsince shi wajen wanki. Na ɗauko baƙin tabarau mafi tsada a shagona, na tura takardar farashin bayan kunne tunda zan mayar da shi. Maman yara ta riga ni fita, wai za ta karɓi ɗinkinta wurin Tela. Shi ma Yaya ashe ya tako da ƙafa zuwa shagon Mai Aski, wai aski, alhali motarsa ya zo gadi.

Goma da rabi na shigo layin a hankali, sandar labule tana rangaji a sama. Na tsaya a tsakiya, daidai ƙofar Mai Gyaran Rediyo, da gangan. Mutumin nan rediyo goma sha biyu yake jerawa a kan teburinsa, duk a kunne, duk a tasha ɗaya, wai gwaji. Na ɗaga gilasai, na yi wa kaina alkawari ba zan fito ba sai da kiɗa.

Na danna waƙa ta uku. Shiru. Na murɗa ƙarar rediyon har maɓallin ya ƙi gaba. Shiru. Na ce wataƙila wannan waƙar ce ta yi nauyi, na tsallaka ta gaba. Na sake tsallakawa. Allon em-pi ƙanƙane ne, ga baƙin tabarau a idona, ba na ganin abin da ke rubuce, kuma shugaba ba ya cire tabarau a bainar jama'a. Na dai yi ta dannawa. Ban ƙirga ba. Da na ƙirga, da na tuna waƙoƙin bakwai ne kacal, kuma na san abin da ke biye da su.

Sai na ga mutane sun fara fitowa.

Mai Aski ne ya fara, injin aski a hannu. Sai Tela, da almakashi, tef a wuya. Sai Mai Faci, riƙe da ƙarfen cire taya. Suka dubi juna, suka dubi motar, suka sake duban juna. Masu shaguna suka yi ta ɓullowa, wasu rungume da rediyonsu. Na ce a raina, ka ga kwarjini! Ko kiɗan bai tashi ba an taru, ina ga ya tashi? Na ɗaga musu yatsu biyu ta bayan gilas, na ɗan sunkuyar da kai irin na manya, na ƙara dannawa.

Maman yara ta fito daga shagon Tela, hannu ɗaya a ka, ɗayan tana yanka iska da shi a saitin wuyanta. Na gane nufinta sarai: wuyan rigata ya karkace. Na gyara, na yi mata murmushi.

Sai ga Yaya. Rabin kansa fes, rabin da gashi, ƙyallen aski ɗaure a wuya. Ya ƙwanƙwasa gilas da zobensa. Na sauke a hankali, don a ga agogon hannuna.

Wata murya ta cika layin, daga kowane shago, daga teburin Mai Gyaran Rediyo sau goma sha biyu. Murya mai kauri, mai natsuwa, kowane harafi a wurinsa. Wallahi abin da ya fara zo mini shi ne, kai, gidan rediyon nan sun dace da sabon ma'aikaci. Sai na ji ma'aikacin yana cewa:

"Tunatarwa ta biyar. Motar Yaya. In an tambaya, tawa ce, shi nake ba aro. Baro ce mai rufi, amma daga nesa ba a ganewa."

Yaya ya sunkuyo har numfashinsa yana taɓa tabarauna.

"Baro," ya ce.

"Yaya, baro ai abin arziki ne, duk ginin da ka gani a garin nan..."

Na lalubi em-pi don in kashe. Yatsana ya sauka a maɓallin komawa baya. Duk wanda ya makara bai ji farkon ba, na yi masa adalci.

"Tunatarwa ta ɗaya. Mai Aski, mataimaki. Tela, mataimaki. Mai Faci, mataimaki. Kada a bari su zauna benci ɗaya kafin Asabar. Bayan zaɓe a soke muƙamin gaba ɗaya, a ce dokar ƙungiya ce. Tunatarwa ta biyu. Mai Aski yana son a yabi hannunsa. A yaba, amma a ci gaba da yin aski a wancan layin. Tela, a ce masa rigar ta zauna, a kai wa wani ya gyara wuyan. Mai Faci, a gaisa da shi da fara'a, a tanadi hankici."

"Wai mataimaki nawa ne a ƙungiyar nan?" in ji Mai Aski.

"Ni dai har hula na ɗinka," in ji Tela.

Mai Faci ya ajiye ƙarfen cire tayar. Ya dubi tafin hannunsa, ya goga shi a kan farin rufin motar Yaya tun daga gaba har baya, sannan ya miƙo mini. "Mu gaisa, shugaba."

Na fito da kaina ta taga. "Jama'a, ku tsaya! Wannan ba muryata ba ce. Zamani ya lalace, ana haɗa muryar mutum da na'ura. Ku tambayi kanku, wa ke da rediyo goma sha biyu a layin nan?"

Ban rufe baki ba rediyo goma sha biyun suka amsa: "Gwajin jawabi. Ni ne Injiniya, mai shago na bakwai, hannun dama in ka shigo layin..."

Layin ya kece da dariya. Wani har ya zauna a ƙasa. Na kama na'urar da ke ramin sigari na ja, tsinken ashana huɗun nan suka ce ba su san zancen ba. Na ja wayar shanya, sandar labule ta faɗo ta daki bonet. Yaya ya dafe rabin kansa mai gashi.

"Tunatarwa ta uku. Agogon da na ba Maman yara, wanda wata ta dawo da shi don yana ja baya. In ta tambaya, daga waje aka yi mini odarsa."

Maman yara ta kwance agogon a natse, ta zura hannu ta taga ta ajiye mini shi a cinya.

"Shi ya sa kullum abincinka ke makara," ta ce. "Daga yau kuma zai ƙara."

Duk wannan abin Mai Gyaran Rediyo yana zaune yana ɗaure wani sukuru. Sai da ya gama, ya ajiye sukundireba, ya taso, ya yi mini sallama, ya zura yatsu biyu ya zare 'yar wayar da ke jikin em-pi. Muryata ta ɗauke. Tashar gaskiya ta dawo da shuu-shuunta, mai gabatarwa yana cewa: "...da fatan Telan ya ji gaisuwar da ya aiko, mun karanta sunayen duka goma sha takwas. A nan muka kawo ƙarshen shirin."

Mako shida Tela yana jiran a karanta wasiƙar nan. Ya dube ni, ya dubi almakashinsa. Mutum biyu suka riƙe shi.

Aka ce a ɗage zaɓe, na ce a'a, ni ba matsoraci ba ne, kuma ina da yaƙinin mutane suna bambanta shugabanci da 'yan kurakuran na'ura. Aka yi a tsaye nan bakin ofis, da ɗaga hannu. Mai Gyaran Rediyo ya samu ashirin da ɗaya. Ni na samu biyu: nawa, da na Baba mai takalma na shagon ƙarshe, wanda kunnensa ya yi nauyi shekara goma, shi kaɗai ne ba shi da rediyo. Na rungume shi na ce ga mutumin da ya san daraja. Washegari da aka yi masa bayani da ƙarfi, ya tako har shagona ya ce in mayar masa da ƙuri'arsa.

Amma ba a gama da ni ba a ranar. Yaya ya ce ba mai motsawa sai rediyonsa ya yi magana. Sabon shugaba ya zauna a kujerar direba, ya zaro rediyon da wasu 'yan ƙarafa biyu ba tare da ko ƙwarzane ba, ya leƙa bayansa, ya miƙo mini tafin hannu.

"Injiniya, kawo."

"Me?"

"Fari ne, wayoyi huɗu. Shi ke kai sauti lasifika."

Na ce ban san zancen ba. Maman yara ta zura hannu a aljihun sabuwar rigata ta ciro shi, kamar ita ta ajiye. Ya maƙala, ya mayar da rediyon, ya miƙe karkatar. Ya juya na'urar zuwa wata lamba da ba kowa, ya kai rediyon can, ya mayar da wayar em-pi.

"Ka gani? Haka kawai ake yi. Minti huɗu."

Ya danna. Ya manta, ni ma na manta, cewa na bar ƙarar a ƙarshenta. Lasifikokin motar Yaya huɗu, da suka yi kwana guda suna azumin magana, suka buɗe baki gaba ɗaya:

"Dariyar shugaba, gwaji na huɗu. Hm-hm-haaa. A'a, ta yi sauri. A sake. Hm... hm... haaa."

Ba zan bayyana abin da ya biyo baya ba. Na dai ga tsohon shugaba, mai ciwon gwiwa, ya durƙusa ba tare da taimakon kowa ba. Yaya ya karɓi makullinsa, ya cillo mini sandar labule, ya ja motar da rabin aski. Har yau in na gaishe shi sai ya ce, "Baron yana gaishe ka."

Ga inda zaluncin yake, ku yi mini alƙalanci. A zaman farko sabon shugaba ya ce tunda mutum uku sun sa rai, a raba kujerar mataimaki wata huɗu-huɗu: Mai Aski, sai Tela, sai Mai Faci. Aka yi ta tafi, ana cewa kai, wannan mutum akwai hikima. Wa ya zaɓo mutum ukun? Wa ya fara hango cancantarsu tun ba wanda ya hango? Alkawarina aka cika, ko sunana ba a ambata ba. Kuma duk surutun da ake yi, ba wanda ya tsaya ya ce, bawan Allahn nan da wayar shanya da hanga uku ya ture gidan rediyo sukutum daga iska. Ba kuma wanda ya ce muryar ba ta fita tar ba.

Abu ɗaya dai na samu, ba kuma zan ɓoye ba. Yanzu duk layin ni ake fara gaisarwa da safe, kafin shugaban ma. Ina sako ƙafa, tun daga shago na ɗaya har na ashirin da uku, sai ka ji an ɗauka: "Hm... hm... haaa." Ina ɗaga musu yatsu biyu in wuce. Abin da ke ƙona mini rai kawai, ta huɗun suka riƙe. Ta shida ce mai kyan, kuma an kashe kafin a kai wurin.